Kunnen Bijimina

Abin da na gada wurin babana bijimi ne guda, baƙi, gajere, ƙahonsa ɗaya a karkace. Gajere muke ce masa. Ba shi da kyau, ban kuma taɓa cewa yana da shi ba. Amma a Tanda, inda ƙudan tsando ke kayar da manyan shanu kowace damina, shi ko tari bai taɓa yi ba.

Ina goyon fari aka yi shela cewa kumandan, Nasaran da ke mulki a Gaya, ya dubi shanunmu ya ga ba nama a jikinsu. Saboda haka za a dandaƙe duk bijiman ƙasar, shi zai kawo nasa daga arewa ya gyara mana iri. Duk wanda aka dandaƙe za a tsaga masa kunnen hagu, don a gane shi.

Maigidana ya ce mu bi doka. Shi dama ko akuya ce ta yi masa tsawa, cewa zai yi a bi doka. Ni kuwa na ja Gajere bayan rumbu, na ɗauki wuƙar yankan kuɓewa na tsaga kunnen da kaina. Ya yi ƙara, na ba shi haƙuri, na ce da ya san abin da na fansar masa da ya gode. Gardin kumandan, wato dogarinsa, ya zo da masu dandaƙa, suka dubi kunne, suka wuce.

Sai ga bijimin gwamnati, ja, dogo, tozo har yana rinjaya. Aka ɗora wa gidaje ciyar da shi bi da bi, mu mutanen gari da yaranmu muna kwana da kunu. Ya ci dusa, ƙudaje suka ci shi, ya samu gindin tsamiya ya kwanta. Saniya za ta gifta ta gabansa, ya bi ta da ido kamar tsohon da aka miƙa wa rake.

Gajere kuwa, tunda a idon hukuma ba ya iya komai, ba wanda ya raba shi da garke. Shekara ta kewayo, maruƙa suka cika gari, baƙaƙe, gajeru, wasu har da karkacen ƙahon. Kumandan ya zo a kan doki ya gani. Ta bakin tafinta ya tambayi maigari ko sun yi kama da ubansu.

"Ranka ya daɗe, kamar an tsaga kara," in ji maigari. Bai yi ƙarya ba. Na cusa bakin zane a baki don kada dariya ta tona ni.

Dariyar ba ta daɗe ba. Aka ce yaƙi ya tashi a ƙasar Nasara, soja na son nama, a tattara duk sa mai tsagaggen kunne, tunda ba shi da sauran amfani sai tukunya. Gardin nan dai ya shigo gidanmu da igiya.

Na tare ƙofa. "Bawan Allah, wannan bijimi ne cikakke. Duƙa ka duba."

"Baiwar Allah, kunne aka ce in duba."

"Ni na tsaga shi, da wuƙar kuɓewa."

"To kin iya aiki," ya ce, ya zura igiya.

Maigidana ya buɗe baki zai ce a bi doka, na dube shi, ya rufe.

Na bi su har bakin gari da goyo a baya. Gajere yana ta waiwaye, yana kaɗa kunnen nan. Na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar babana. Da na juyo gida, na tarar ranar ma mu ke da ciyar da na gindin tsamiya.