Dattijon da Ya Ƙi Kashe Bos

A shagon gem na Bahago, inda ake buga wasan bidiyo, daf da Ƙofar Kuyambana, akwai wani dattijo da ke zuwa da hantsi, lokacin da yara ke makaranta. Bahago bai san sunansa ba. Kaftaninsa ya sha guga, ga biro biyu a aljihun gaba, sai dai wuyan rigar ya fara cinyewa. Bahago yana zargin rage ma'aikata ne ya rutsa da shi, kuma har yau iyalinsa ba su sani ba.

Yakan zauna a benci, ya yi bismilla, ya shiga dambe da bos, wato abokin karawar ƙarshe a wasan, wani ƙaton ƙarfe da ya gagari samarin unguwa. Kullum ƙaton ke kashe shi.

Yau kuwa ƙaton ya jigata, ransa saura ƙiris. Bahago ya miƙe zumbur.

"Malam, danna mana! Naushi ɗaya ya rage!"

Dattijon ya ɗauke yatsunsa, ya zuba ido har ƙaton ya gama da shi. Ya gyara zaman hularsa, ya dubi agogo, sannan ya ce a hankali, "Ɗana, in na kashe shi yau, gobe ina za ni?"