Maraicen da Habboba Ta Ƙi Ba Mu Labarin Jirgi

Ranar Laraba ce cikin watan Agusta, jim kaɗan bayan magariba. Mu huɗu ne a gaɓar kogi, ƙasa da ƙauyenmu na kusa da Abu Hujar: ni Toto, ina da shekara tara, yayana Kafi, kakarmu, wadda muke kira Habboba, sai maƙwabciyarmu Inna Hajjo. Babana Kuku da mijin Inna Hajjo, Malam Isiyaku, sun haye a kwalekwale tun da hantsi don su kwance injin ban ruwa daga gonar tsallake kafin ruwa ya cinye shi. Sun ce kafin la'asar suna gida. Ba su dawo ba.

Gidanmu kaɗai ne na Kirista a ƙauyen. Habboba ta zo cirar auduga daga duwatsun Nuba tun tana budurwa, ta zauna cikin Hausawa har Hausa ta zama harshen gidanmu. Da ita muke faɗa, da ita muke addu'a. Ba ta iya karatu ba, amma labaran Linjila suna kanta, kuma kowane maraice a bakin murhu takan ba mu ɗaya. Bitrus ɗinta, almajirin Yesu, da muryar masuntan garinmu yake magana, har da tarinsu, mu yi ta dariya.

Al'adar ƙauyen ita ce, idan duhu ya riski mutum a kan ruwa, mutanen gidansa su hura wuta a mashigi don ya san inda zai doso. Ba a barinta ta mutu. Maza sun bi gaɓa da tocila, mu aka bar mana wutar. Kogin ya cika, ya yi ja, yana wucewa da itatuwa har da saiwarsu. Can ba jimawa sai mu ji wani yanki na gaɓa ya rufta cikin ruwa.

"Habboba, ba mu na jirgi," in ji Kafi.

Shi muka fi so: iska ta taso wa almajiran Yesu a tsakiyar tafki yana barci, suka tashe shi, ya tsawata mata, ta kwanta.

"Ba yau ba."

"Mi ya hana? Ai yau ce ranarsa!"

"Kai da baki kamar kwaɗon fadama. Sa kara a wuta."

Sai ta ba mu wani, wanda ba ta taɓa bayarwa ba sai a makon Ista. Yesu ya shiga wani lambu da abokansa uku, har da Bitrus, ya san masu kama shi suna tafe. Ya ce su zauna a faɗake tare da shi. Ya matsa gaba kaɗan, ya faɗi ƙasa, ya roƙi Uba ya kawar masa da wannan wahala in da hali, amma a yi nufin Uban. Ya dawo ya tarar suna barci. Sau uku yana zuwa yana dawowa. Wannan karon ba ta yi muryar Bitrus ba.

"Aka kawar masa?" na tambaya, ko da yake na san amsar.

"Ba a kawar ba, Toto."

"Ke nan ba a ji shi ba."

"An ji shi sarai. An aiko mala'ika ya ƙarfafa shi. Ya miƙe da ƙafafunsa ya tari mutanen."

Inna Hajjo ta dakata da jan carbi. "Haba, uwar Kuku! Wanga labari gaban yara?"

"Hajjo, ai ke ma kin gani."

Inna Hajjo ta ci gaba da jan carbinta. Sai bayan shekaru na san abin da suka gani: kafin rana ta faɗi, jarkar man injin Baba, mai ruwan ɗorawa, ta wuce ta gabansu a kan ruwa.

Habboba ta kama hannuwanmu ta yi addu'a da ƙarfi. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Ya Uba, ɗana nike so, dawo mini da shi, da shi da Isiyaku." Sau uku ta faɗa. Sashen ƙarshe, na barin nufinsa, da ƙyar ya fito daga bakinta. Inna Hajjo ta ce amin.

Na daɗe ina jin haushinta. A tunanina na yarinta, da ta ba mu labarin jirgi, da ruwan ya kwanta. Na riƙe wannan har na girma. Sai shekarar da yaƙi ya iso Madani, birnin da nake aure, mijina ya fita neman garin tuwo, harbi ya kaure, 'yata ta tambaye ni ko zai dawo. Na buɗe baki zan ce mata tabbas, na kasa. A nan na gane Habboba. Ba ta yarda ta yi mana alkawari da sunan Allah kan abin da ba ta sani ba. Ta koya mana mu roƙi abin da muke so ba kunya, mu kuma zauna a faɗake ko amsar ta zo ba yadda muka roƙa ba. Mijina ya dawo kafin faɗuwar rana. Ban ɗauka addu'ata ta fi tata ba.

Kwana biyu bayan wancan maraice aka tsinci kwalekwalen a kife kusa da garin Sinja. Malam Isiyaku ya fita da rai, maƙale da wata bishiya. Baba ba a same shi ba.