Rijiyar Rabilu Ba Ta da Shafi

Barira ɗiyar jandarma ce. Aiki yak kawo ubanta Konni, nan ya rasu, iyalinshi kuma sunka zamna. Ba ta ƙare lakwal, makarantar boko, ba. Buga takardu tak koya a wani buro, wato ofis, har anka buɗe siber, shagon intanet, kusa da tasha a 2008, anka ɗauke ta. Nan tag gano kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya rubutu ciki. Da farko sha'awa ce. Daga baya duk wanda anka goge ma rubutu wurinta shike zuwa da fushi, sai ka ce ita tag goge.

Magana guda take maimaitawa har bakinta ya gaji: wane littafi, wa yar rubuta shi, wace shekara, shafi na nawa. Su ce to, gobe su dawo da "kowa ya sani".

Malam Badaru kam daban ne. Tsoho ne mai garkar albasa daga wani ƙauye gefen Badaguishiri. Shi yaz zamna shina faɗi, ita tana bugawa: yadda wanshi Rabilu, Allah ya jiƙan shi, yag gina rijiyar farko a fadamarsu bayan yunwa, shi kaɗai, mutane na mishi dariya, har kowa yab bi shi noman rani.

Tas sa labarin cikin kundin, da shafi nashi. Kwana biyu sai ga saƙo daga wani da ba su sani ba: a kawo madogara cikin kwana bakwai, ko a goge shafin duka.

"Madogara? Rubuta, ɗiyata," in ji Badaru. "Na ji daga Delu matar Rabilu, ita ke jan guga. Delu ta ji..."

"Baba, ba haka suke so ba."

"Haka anka karantar da mu. Wane daga wane daga wane. Ni ma ina wurin!"

"Kana wurin, amma ba a buga ka ba."

"To buga ni mana, ga na'ura gabanki."

Dariya tak kubce mata, ba don ranta na so ba.

Kwana biyar tana nema. A ƙarshe wani mushe, malamin lakwal a Illela, ya aiko mata rahoton wasu masu bincike, duk gara ta ci gefenshi. Shafi na goma sha huɗu, ga ƙauyen, ga rijiyar. Tak karanta mishi da Hausa: "wani manomi ne yaf fara ginawa."

"Wani manomi," in ji Badaru. "Ni nif faɗa musu labarin ga. Har hura na ba su. Sau ukku na ce Rabilu."

"In na sa sunan, za su cire, Baba. Watakila su cire duka. In na sa yadda takarda tac ce, shafin ya tsaya."

Ya daɗe shina kallon takarda. Barira ta sa hannu a goshi, mutum biyu na jiran na'urar.

"Sa yadda takarda tac ce," yac ce.

Tag goge sunan, tar rubuta rahoton da shekara da shafi, daidai yadda take koya ma mutane. Ba wanda yas sake taɓa shafin.

Da Badaru yat tashi sai yat tsaya bakin ƙofa.

"Ɗiyata, nan Konni wa ke rubuta irin littafin da suke yarda da shi?"

Barira ta yi tunani, ta yi tunani.

"Ban sani ba, Baba," tac ce.