Ranar da Na Cire wa Sanusi Waya

Shekara shida ke nan da munka rufe jikana Sanusi a Sanyinna. Ban yi boko ba, faɗi nika yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma guda.

Ni na yaye shi. Tun bakinsa bai iya magana sosai ba yake kirana amarya, ni in ce masa mijin banza, ko zane bai taɓa saya mini ba. Ya yi karatu har ya zama injiniya, wasan nan bai bari ba.

Aikinsa a kan wani ɗan rami yake, cikin injin mota, inda iskar gas ke fesowa. Ramin bai kai kan allura ba. Ya ce ido ba ya shiga can, don haka sai a zana ramin cikin kwamfuta, a yanka shi ɗaki-ɗaki, ita ta bi tana lissafa gudun iskar a kowane ɗaki. Da na kasa ganewa sai ya ce, "Amarya, tsuke baki ki hura wuta. To, abin da ke faruwa tsakanin leɓɓanki nika nema."

Da ciwon hanta ya kayar da shi, anka maido shi gida da kwamfutarsa. Batirinta ya mutu tuni, da na sola take rayuwa. Ya ce lissafi ɗaya ya rage masa, kwana ashirin da biyu, kuma in ta ɗauke sai daga farko. Kullum tana kusa da tabarmarsa tana huci, ja da shuɗi na rarrafe a fuskarta. Shi yana ramewa, ita ko gajiya ba ta yi. Kunu zai huce a gabansa, idonsa na kanta. Matan unguwa sunka ce mini abin nan shan sa yake yi. Ba su sunka sa ni ba. Ni ma haka na gani.

Rana ta goma sha tara, bayan azahar, barci ya ɗauke shi. Na shiga na fizge wayar da ke kai wa kwamfutar wuta.

Ya farka, ya dubi baƙin gilashin, ya daɗe. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Hajiya, sannu da aiki."

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Kowace safiya sai ya yunƙura ya gaishe ni da ladabi irin na baƙo. Na tsokane shi, na ce mijin banza, yau ma ba cefane? Ya ce, "A yi haƙuri, Hajiya." Ya san inda yake soka wuƙar, ni na rene shi.

Yanzu direbobin hanyar Tambuwal da Kebbe ba su da zance sai na motar da anka mayar ta gas: wannan ta yi sauƙi, waccan tana tari a kan tudu. In na ji, sai in ce ko maganin tarin nan yana cikin kwana ukun da na hana shi? Da yana raye da ya yi musu dariya, ya zana musu ramin a ƙasa da tsinke. Ni dai ba zai gaya mini ba.

Kwamfutar tana cikin adakata, ba wanda ya iya tayar da abin da ke cikinta. Garin nan kowa Hajiya yake ce mini, kuma ina amsawa. Wuta ce dai na bar hurawa da baki. Mafici nika sa mata.