Kwanon Da Na Sa Wa Rumbun Baba

Shekarata ta biyu a jami'a ina karatun fiziks, kaina ya kumbura har hula ta daina shiga. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati na ba mu alawus, ga nama a ɗakin cin abinci har mu ture. Duk wanda bai san sunan abin da ke sa dutse faɗowa ƙasa ba, a wurina jahili ne, Allah Ya yafe mini.

Na zo hutu ƙauyenmu kusa da Yargoje bayan kaka, na tarar Baba yana shirin ɗora wa rumbu sabuwar jinka. Na ce haba Baba, ciyawa a wannan zamani? Washegari na je Ƙanƙara na sayo kwano da siminti. Na sa aka shafe rumbun ciki da waje, aka zuba dammunan dawa, aka rufe da kwano ƙam, ko kiyashi ba zai samu hanya ba.

Baba ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Hatsi fa yana son ya sha iska."

Na yi dariya, wallahi dariya na yi, a gaban maƙwabta. Na ce hatsi ba akuya ba ne da zai yi numfashi. Ya ce to, ku ne masu karatu.

Ban dawo ba sai dogon hutu, damina ta kankama. Tun daga zaure wari ya tare ni. Inna, mahaifiyata, tana tsakar gida ta baza dawa a tabarma tana tsince mai ɗan kyau. Sauran ta yi baƙi, ta dunƙule da fumfuna. Abincin gidanmu na shekara ke nan, da bakuna goma sha ɗaya, ga sabon hatsi da sauran watanni.

Ina leƙa rumbun na gane abin da ya faru. Rana ta gasa kwano, damshin dawa ya tashi bai samu mafita ba, sanyin dare ya sauko ya mayar da shi ruwa, yana ɗiga a kan hatsi kullum. Wannan darasi tun shekarar farko aka koya mana shi. Ya fito a jarrabawa, na kuma cinye shi tas.

Ba wanda ya ce mini kanzil. Inna ma cewa ta yi Baba ya gaya wa mutane shi ya sa aka yi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta hana ni haɗa ido da kowa, na riƙa laɓewa a ɗaki da littafi.

Rana ta uku Baba ya kira ni gona. Muna tsaye bakin kunya, ya jingina da hauya ya ce, "Ina so in tambaye ka, ba don faɗa ba. Karatun naku bai ce haka za ta faru ba?"

Na ce, "Ba mu kai wurin ba tukuna, Baba."

Sai na ga fuskarsa ta sake, kamar an sauke masa kaya. Ya ce, "Alhamdulillahi. Dama na ce da ka sani da ba ka yi ba. To ka dage, ka kai wurin."

Ya duƙa ya ci gaba da noma. Ya yi shekara tara bayan nan a duniya, ban taɓa gaya masa ƙarya na yi ba.