Miyar Ya Gumsu

A unguwar Mafoni kana iya tambayar mace shekarunta ta yi dariya ta wuce, amma kada ka kuskura ka tambaye ta ko ta iya girki. Kowace ta iya. Kowace a wajen uwarta ta koya, uwar kuwa ba a taɓa yin irinta ba a duk Borno. To, a cikin waɗannan gwanaye duka, babu wadda ta kai Ya Gumsu yarda da hannunta.

Mahaifinta fataucin kanwa da gishiri yake yi, saboda haka ta tashi a gidan da ba a auna waɗannan abubuwa biyu, dumbuza kawai ake yi. Da wannan hannun ta girma, da shi ta yi aure. Miyar kukarta baƙa ƙirin take fitowa tana kumfa, in ka haɗiya sai ka ji kamar an wanke maka maƙogwaro da sabulun salo. Burabiskonta wani gefe tsakuwa, wani gefe kunu. Kuma ba ta ɗanɗana miya a kan wuta. A ganinta ɗanɗanawa aikin 'yan koyo ne.

Mijinta, Malam Ajimi, wankin hula yake yi a kasuwar Gamboru, mutum mai kunya da gudun tashin hankali. Ranar da ta fara ajiye masa akushi tana amarya, ya kai loma, idanunsa suka kawo ruwa. Ta tsaya a kansa tana jira. Ya haɗiye da ƙyar ya ce, “Madalla.” Wannan kalma guda ita ta ɗaure shi. Ba a jima ba ya ƙirƙiro wa kansa gyambon ciki, ya ce likita ya hana shi cin abu mai nauyi. Kullum sai ya cika cikinsa a rumfar wata mai tuwo a bayan kasuwa, sannan ya dawo gida yana dafe da ƙirji, ya taɓa loma biyu don kada a ce ya ƙi.

Ya Gumsu ta riƙa tausaya masa. “Allah sarki Malam,” take gaya wa maƙwabta, “ga abinci a gidansa, ga ciwo ya hana shi.”

'Ya'yan ma da suka yi wayo suka gano hanya. Imran ya zama yaron da ya fi kowa zumunci a unguwa, ba ya ziyara sai lokacin da ake sauke tukunya. Muhsinat kuwa tun tana sakandare ta ce tana tsoron ƙiba. In azumi ya zo, Ya Gumsu ta cika kwanuka ta aika gida-gida, kwanukan su dawo a wanke tas, da saƙon godiya da sa albarka. Ta yaya mace za ta yi shakkar kanta a cikin irin wannan shaida?

Haka aka zauna lafiya shekara da shekaru, har rikici ya shigo gari.

Aka hana hawa babur, aka cika tituna da shingaye, aka sa dokar hana fita. Wani lokaci tun la'asar kowa ya shige, wani lokaci a kwana a wuni ba mai leƙa ƙofa. Mai tuwon bayan kasuwa ta tattara tukwanenta ta koma garinsu. Gidajen da Imran yake zumunci suka daina buɗe wa kowa. A karon farko tun da aka kafa gidan, mutanensa suka zauna da girkin Ya Gumsu safe, rana da dare, ba mafita.

Ita kam, duk da fargabar harbe-harben da ake ji daga nesa, wani ɓangare na zuciyarta fari ƙal yake. Ga Malam yana cinye rabonsa, ga yara a zaune a gabanta. Ta ce ashe zaman gida ne maganin gyambon. Malam Ajimi ya rame har wuyansa ya yi tsawo, mutane suka ce damuwar halin da gari yake ciki ce. Bai musa ba.

Ana cikin haka 'yan bindigar da ake kira yaran daji suka afka wa garin Konduga. Ya Kaltum, yayar Malam Ajimi da take zaune a can, ta iso Mafoni da surukanta mata da jikoki, ƙafafu a kumbure, ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu. A nan kam ba wanda zai rage wa Ya Gumsu lada. Ta buɗe ɗakinta, ta fito da zannuwanta na cikin akwati ta rarraba, ta dafa ruwa ta gasa wa tsohuwar ƙafa da hannunta tana kuka. Sannan ta ɗora babbar tukunya.

Baƙin suka cinye tas, har yara suna suɗe kwano. Washegari ma haka. Ya Gumsu ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta, Malama Phoebe, mai koyarwa a firamare.

“Malama, da kin ga yadda mutanen Konduga suke cin abincina! Su da suka san hatsi tun daga gona. Mutanen birni ne dai ba su san daɗi ba.”

“Allah ya ƙara buɗi, Ya Gumsu,” in ji Malama Phoebe, ta yi sauri ta koma shanyarta.

Amma yunwa ba ta dawwama a matsayin da ta zo. Da kumburin ƙafa ya saɓe, hankali ya dawo jiki, harshe ma ya dawo. Wata rana da azahar ana zaune a tsakar gida, Ya Kaltum ta kai loma, ta tauna, ta ajiye hannu. Tsohuwa ce da ta rasa gida da gona da awaki a yini guda, ba ta ga abin da ya rage da za ta ji wa tsoro ba.

“Gumsu,” ta ce, “wa ya ɓata miki rai?”

“Ni? Ba kowa, Ya Kaltum.”

“To me miyar nan ta yi miki? A hanyarmu ta zuwa mun ci ganyen da ban san sunansa ba, ba gishiri ba mai. Wallahi bai wahalar da ni kamar wannan ba.”

Ya Gumsu ta yi murmushin wanda ya san yana da shaidu. Ta juya wajen mijinta.

“Malam, ka ji abin da Yaya take faɗi. Gaya mata.”

Malam Ajimi ya dubi ƙofa. Dokar hana fita ce ranar, ko zaure ba a zama. Ya dubi sama, ya gyara hula, ya ce, “Ai Ya Kaltum ta girme ni. Ba na musu da ita.”

“Ba musu na ce ka yi ba. Miyata na tambaye ka.”

“Miyarki... tana da ƙarfi.”

Muhsinat ta fashe da dariya, dariyar da ta daɗe tana danne ta. Uwar ta daka mata tsawa, ita kuma maganar ta kuɓuce mata: “Mama, Baba fa bai taɓa yin gyambon ciki ba. Ko asibiti bai je ba.”

Ya Gumsu ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta tashi ta ɗauko ludayi da muciya ta ajiye a gaban Ya Kaltum, ta ce, “Ga madafi can. Wanda ya iya ya shiga.” Ta shige ɗaki ta saki labule.

Washegari Ya Kaltum ta ɗaura ɗamara ta shiga madafi da niyyar nuna wa birni yadda ake yi. Abin da ya fito, miyar kuɓewa ce tsararo kamar ruwan wankin ƙwarya, ba gishiri, sai ƙaurin hayaƙi. Surukanta suka kai loma suka haɗa baki, “Ya, hannunki dabam ne.” Ya Gumsu tana leƙe ta bayan labule, ta ga yadda suka saci kallon juna, ta ga ƙaramar tana tura wa ɗanta nata rabon. Ta gane kallon nan sarai. Shekara nawa ana yin sa a gabanta tana ɗauka na sha'awa ne.

Aka ba surukan dama. Ɗaya ta dafa shinkafa ta caɓe, ɗaya ta zuba dunƙulen magi har miya ta koma ɗaci. Muhsinat, da take jami'a, aka gano iyakar iliminta taliyar leda da ƙwai. Malam Ajimi, wanda ya daɗe yana raya wa kansa cewa shi masanin abinci ne da ƙaddara ta zalunta, ya ce a ba shi wuri. Ya tsuguna gaban murhu da babbar riga, ya ƙona wake, ya ƙona tukunyar, ya ƙona gefen rigar. Gida cike da mutane, kowa ya san abin da ya lalace a girkin wani, ba wanda ya iya gyara nasa.

Da aka sassauta doka, Ya Gumsu ta yafa mayafi ta shiga gidan Malama Phoebe. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

“Malama, ke mai zuwa coci ce, ba kya ƙarya. Abincin da nake aiko muku da azumi, wa yake ci?”

Malama Phoebe ta yi ta murza zoben hannunta. Can ta ce, “Kajina, Ya Gumsu. Su ma in akwai dusa sun fi son dusa.” Da ta ga fuskar baƙuwarta, sai ta matso ta rage murya. “Kada ki damu. Kin ga maigidana? Tun da muka yi aure yake zuwa taron kwamitin coci da yamma. Sai da aka hana fita na gane ba wani kwamiti. Wajen mai farfesu yake zuwa.”

Wannan magana ta fi duk wani rarrashi yi wa Ya Gumsu amfani. Ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya da sunan jaje da sannu da arziki, ko'ina aka ajiye mata abinci ta ci da kunnen basira. Ta dawo da rahoto: matar mai unguwa mai take zubawa don ɓoye laifi, matar liman barkono, amaryar gidan kusurwa kuwa ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba tare da gudaji ba. Ta yanke hukunci cewa duk Mafoni ba mai iya girki, kunya ce kawai take riƙe da aure. Kuma tunda haka ne, ba ta ga dalilin da za a ware ta ba. Ta karɓe ludayinta. Ta rage kanwa na 'yan kwanaki, ta ji miyar ta zama ta kowa da kowa, ta mayar.

Zama tsakaninta da Ya Kaltum bai sake daɗi ba. Ba faɗa, sai dai kowace in ta ga ɗayar ta nufi madafi sai ta yi tsaki. Da aka buɗe wani sansani a gefen gari inda mutanen Konduga da yawa suke, Ya Kaltum ta ce za ta koma cikin 'yan garinsu. Malam Ajimi ya roƙe ta, ta ƙi. A bakin ƙofa, tana hawa keke mai ƙafa uku, ta ce masa a hankali, “Ajimi, kai ka saba. Ni tsufa ya kama ni, cikina ba zai ɗauka ba.”

Bayan wasu watanni wata ƙungiyar agaji ta zo unguwa neman matan da za su riƙa dafa wa 'yan gudun hijira abinci. Ma'aikatan suka tambayi mai unguwa wace ce ta fi suna a girki. Mai unguwa ya tambayi matarsa, ita kuma ta tuna wadda ta bi gari tana cewa mai take zubawa. Ta ce, “Ya Gumsu mana. Duk Mafoni wa bai san miyarta ba?” Aka tambayi wasu, kowa ya ce lallai an san miyarta. Ba wanda ya yi ƙarya. Aka yi mata tambayoyi, ta amsa da irin ƙarfin zuciyar da masu ɗaukar aiki suke so, aka naɗa ta shugabar masu girki. Ba wanda ya ce ta dafa a ɗanɗana, don su ma'aikatan a otal suke cin nasu.

Malam Ajimi ya fi kowa murna, don aikin yini ne. Har rakiya ya yi mata zuwa bakin titi.

Ranar farko ta tsaya a kan manyan tukwane da farin ƙyalle a ƙugu, tana ba da umarni, buhun kanwa a gefenta. Layi ya miƙe har bayan tantuna, mutanen da ba su da wata rumfa a bayan kasuwa, ba su da maƙwabcin da za su kai wa ziyara. Tana cikin zubawa wata tsohuwa ta miƙo kwano. Suka ɗago tare.

Ya Kaltum ta dubi tukunyar baƙa ƙirin tana kumfa, ta dubi mai ludayin.

“Gumsu,” ta ce, “har nan?”

“Har nan, Ya Kaltum. Matso da kwanon, ke tawa ce, in ƙara miki.”

Ta cika mata shi har baki, ta ɗaga murya ta ce na baya ya matso.