Rahoton Baba Manaja da Manyan Haruffa

Ko me zan manta a shekarun da na yi ina aikin ofis a Minna, ban da ranar da masu kamfaninmu suka zo daga Abuja jin rahoton shekara. Kamfanin casar shinkafa ne a wajen Bosso, ni ce sakatariya, duk takardar da za ta fita sai ta bi ta kwamfutata.

Manajanmu dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa masu kamfani suna neman dalilin sallamarsa, wai ya tsufa. Ni kuwa na lura da wani abu. In na kai masa takarda, sai ya matsa bakin taga, ya kai ta har hancinsa, can ya ce, "Karanta mini, 'yata, hannuna da maiƙo." Mutumin da ko ƙosai ba ya ci a ofis! Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, yake ta ɓoyewa. Ga shi kuma shi zai miƙe ya karanta rahoton a gabansu.

A ofishinmu al'ada ce in manyan baƙi za su zo, a buga rahoto da rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki, a zagaye shafi da furanni. Mataimakiyar manaja, wadda muke kira Madam, ita ce uwar wannan ado. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ki sa mai wutsiyan nan. Manyan mutane ne fa, kar su ce mu 'yan ƙauye ne."

Na ce, "An gama, Madam." Na buga wa baƙi nasu da wutsiyoyi da furanni. Na Baba kuwa na zaɓo masa haruffa miƙaƙƙu, manya, baƙi wuluk, na ware layukan yadda ido ba zai yi tsallake ba. Na sa shi a fayil iri ɗaya da na kowa. Ban nemi shawarar kowa ba, kuma wallahi ko yau haka zan yi.

Da aka zauna, Baba ya miƙe. Ya buɗe fayil, ya ɗan tsaya, ya ɗago ya dube ni. Sai ya fara karatu tiryan-tiryan kamar mai labarai a rediyo. Daɗi ya cika ni.

Yana gamawa sai shugaban baƙin, shi ma dattijo mai tabarau, ya miƙo hannu ya ce, "Malam, ba ni naka in duba wani wuri." Na ce a raina, yau asirin Baba ya tonu. Baba ya miƙa masa.

Shugaban ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Kai! Ashe mai kyan kuka ajiye wa kanku? Ni tun da aka fara kai kawai nake gyaɗawa, ko layi ɗaya ban iya karantawa ba."

Aka bushe da dariya, har Madam. Baba bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, don ni aka yi shi haka. Idona ne ya yi rauni."

Shugaban ya ce, "Ni ma bara aka yi mini aikin ido. Je ka a yi maka, kujerarka na nan tana jiranka."

Bayan an watse, Baba ya tsaya a bakin teburina, ya ce a hankali, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce, "Tun ranar da hannunka ya fara maiƙo, Baba."

Ya yi dariya har da hawaye, ya sa mini albarka. Tun daga ranar, kafin in zaɓi haruffan kowace takarda, sai na tambayi kaina idon wa zai karanta ta. Dominsa nake bugawa, ba don a ce na iya ado ba.